Yadda zaka rage jarabar gem ba tare da ka rabu da shi gaba ɗaya ba

Kwamfutar da na fara taɓawa a rayuwata ta baban wani abokina ce, a falonsu take an lulluɓeta da tsohon zanin atamfa saboda ƙurar hunturu, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan da sai ka jira ta gama gurnani kafin ta buɗe. Gem biyu muka sani a cikinta, Dangerous Dave da Prince of Persia. Dave leval 10 ne kacal, ka ɗauko kofin zinare ka nemi ƙofa ka fice. Prince of Persia kuwa, wanda Jordan Mechner ya fitar a 1989, minti 60 ake baka ka ceto gimbiya, agogo na tafiya ko ka faɗa kan ƙusoshi ko wuƙaƙen nan sun datse ka, in lokaci ya cika shikenan sai a koma farko. Mu huɗu muke zagaye kibod ɗaya, wanda ya mutu ya tashi ya ba na gaba kujera, babu gardama.

Daga baya aka siyo mana irin gem ɗin da ake jonawa da talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta 9999 in 1 a jiki alhalin gem ɗin ciki basu fi a ƙirga da yatsu ba, su Super Mario da Contra da na harbin agwagi, sauran duk maimaici ne. In ya ƙi kamawa a zaro kaset a hura masa iska a mayar. Kuma wallahi duk son da muke masa bamu taɓa kwana a kai ba, don abubuwan da zasu tsayar da mu sun yi yawa: adafta zata yi zafi har ka kasa riƙewa dole a kashe ta huce, ko a ɗauke wuta ana tsakiyar leval, ko baba ya shigo zai kalli labaran ƙarfe 9 kuma talabijin ɗin ɗaya ce a gidan. A gidan gem ma haka ne, kuɗinka ya ƙare mai shago ya karɓe pad ya miƙa wa na layi. Yaran Ingila da suka taso da kwamfutocin gida irin ZX Spectrum ko Commodore 64, waɗanda duka suka fito a 1982, su daga kaset ɗin rediyo ma suke loda gem, sai an zauna mintuna ana jin ƙiiii kafin ya buɗe, wani lokacin ya ƙi a sake daga farko.

Abinda nake so ka riƙe kenan kafin mu shiga yadda ake yi. Gem ɗin da yana da ƙarshe, kuma gidan da ake buga shi yana da birki. Na yanzu yana aljihunka, baya zafi ya mutu, ba mai jiran kujera, kuma an gina shi ne yadda bazai taɓa ƙarewa ba. Ni da na buga gem tun ina yaro lafiya lau, sai da na girma na kamu, wani gem ne na harbi a waya, wata takwas ɗin nan na yajin aikin jami'o'i a 2022 ina gida babu abin yi. Na sha ganin hasken asuba ta taga da waya a hannuna, in yi sallah ido na yaji in kwanta sai azahar. To duk abinda zan faɗa a ƙasa dabara ce ta maido da birkin da hannunka, tunda yanzu ba wanda zai saka maka.

Fara da sanin gaskiyar awannin. Kar ka ƙiyasta da ka, kowa rage wa kansa yake yi. In wayarka Android ce shiga settin ka nemi Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time, zasu nuna maka awa nawa kowace manhaja ta ci a rana. Sati ɗaya kar ka canza komai, kawai duk dare ka rubuta lambar a takarda, da biro, ka rubuta kuma ƙarfe nawa ka ajiye wayar. Ni a raina awa uku nake yi, da na duba sai naga akwai ranar da ta haura tara. Na daɗe zaune ina kallon lambar nan.

Sannan ka bambance son gem da ciwon gem, don ba duk mai buga gem da yawa ne yake da matsala ba, kar a tsorata mutane a banza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka lalurar gem a kundinta na cututtuka, ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022, kuma abu uku take dubawa: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da tsayawa, gem ya koma gaba da sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba ko ma ya ƙara duk da yana ganin ɓarnar da yake masa. Yawanci sai abin ya kai wata 12 kuma ya taɓa karatu ko aiki ko zaman iyali sosai kafin likita ya kira shi ciwo. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, sau nawa kace wannan ne na ƙarshe sai ka ƙara biyar? Ka taɓa ɓoye wa matarka ko mahaifiyarka awannin da kayi? Kuɗin data ya taɓa cin kuɗin cefane? In amsar eh ce ko da baka kai matakin asibiti ba, lokacin gyara yayi.

Yanzu maganar tsayawa, anan ne na fi shan wuya kuma anan na fi samun nasara. Cewa "zan buga awa ɗaya" baya aiki, saboda awar zata cika kana tsakiyar wasa, bazaka bar abokan tawagarka a fili ba, kana gamawa kuma ko ka ci kana jin daɗi kana so ka ƙara, ko an cinye ka kana so ka rama. Ka ƙirga da wasa maimakon agogo. Kafin ka buɗe ka yanke, wasa uku, ka ajiye ƙwallayen dabino uku ko tsakuwa uku a gefenka, duk wasan da ya ƙare ka ɗauke ɗaya. Kamar rayuka ukun Mario ne, in sun ƙare an tashi. Kuma dokar da ta fi kowacce muhimmanci, ba a ramuwa. Wasan da aka cinye ka shima ya ci dabinonsa. Yawancin dararen da na ɓata daga "bari in rama wannan kawai" suka fara, don mutum in ransa ya ɓaci baya buga da kyau, sai a sake cinye shi, sai ya sake neman ramuwa, haka har a kira assalatu.

Ka kuma jingina lokacin gem da wani abu da baya matsawa. Mu Allah ya hutar da mu neman wannan, ranarmu a yanke take gida biyar. Ka saka shi misali tsakanin la'asar da magariba, kiran sallah shine baba ya shigo zai kalli labarai. Amma bayan isha'i kam ban baka shawara ba ko kaɗan, babu bango a gaba sai asuba.

Wayar kuma kar ta kwana a ɗakinka. Na san za'a ce ai ita ce agogon tashi, to sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa a kasuwa, bashi da tsada. Caja ta zauna a falo ko ɗakin wani, fawa bank ma haka. In kana da hali ka maida gem ɗin kan abinda baya shiga aljihu, kwamfutar tebur ko PlayStation a falo inda mutane ke wucewa, ka goge na wayar. Wannan kaɗai yana rage abin sosai saboda yanzu sai ka tashi ka je ka kunna, kuma idon mutane na kanka. Manhajojin da na ambata ɗazu suna da wurin saka iyakar lokaci, a iPhone har da lambar sirri, to kar ka riƙe lambar da kanka, ka ba yayanka ko matarka ko aminin da kasan bazai tausaya maka da ƙarfe ɗayan dare ba.

Sai ka gane igiyoyin da ake jawo ka da su, don in ka gansu ƙarfinsu yana raguwa. Kyautar shiga kullum, wadda in ka tsallake rana ɗaya lissafi ya koma farko. Tikitin kaka, wato season pass mai wa'adi, da kake siya da kuɗi sannan dole ka buga kullum kafin ya ƙare don kar kuɗinka ya tafi a banza. Da akwatunan sa'a da baka san me ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Wannan na ƙarshen tsohon ilimi ne, tun gwajin da masanin halayya B.F. Skinner yayi da tantabaru da ɓeraye aka san cewa ladan da ba'a san yaushe zai zo ba shi yafi sa dabba ta nace da danna abu, kuma kan wannan aka gina injinan caca. Ƙasar Beljiyam ma a 2018 ta ɗauki akwatunan da ake siya da kuɗi a matsayin caca. Kai da kake gudun caca saboda addininka, ka duba da kyau me kake yi in kana tura dubu biyu don ka buɗe akwati ko za'a dace da wata riga. Abin yi anan a fili yake: kashe sanarwar gem ɗin gaba ɗaya, cire katin banki daga Play Store, kar ka sayi tikitin kaka mai zuwa. Sannan da gangan ka tsallake rana ɗaya ka bar lissafin kyautar ya karye. Zaka ji zafi a ranar, gaskiya, ni sai da naji kamar na yar da kuɗi a hanya. Washegari kuwa sai naji wani sauƙi, babu abinda nake karewa kuma.

Abokan wasa su ne igiyar da ta fi ƙarfi, ba'a cika faɗa ba. Ƙarfe sha ɗaya saƙo zai shigo a WhatsApp, "malam ina kake, mutum ɗaya muke jira". Kar ka ɓace musu shiru, ka faɗa musu kai tsaye cewa daga yau bayan isha'i baka nan, Asabar da Lahadi da yamma kana nan. Zasu yi maka tsiya kwana biyu su haƙura. A tawagarmu bayan na faɗa, wani ya biyoni ta gefe yace shima abin ya dame shi ya rasa yadda zai fara.

In kuma ɗanka ne ko ƙaninka, don Allah kar ka fizge waya yana tsakiyar wasa, kar kuma ka fara da duka. Wasan intanet ba'a tsayar da shi a dawo, akwai mutane na gaske da yake bugawa da su, fizgewar tana masa kamar ka janye shi daga fili ana tsakiyar ƙwallo a gaban abokansa, daga nan sai ɓoye-ɓoye ya fara, ya koma buga na abokai a waje inda baka gani. Ka tambaye shi wasan minti nawa ne, kace in wannan ya ƙare a kawo waya. Ka zauna ka kalla ko sau ɗaya, ya koya maka, zaka san ko da su wa yake hira a ciki, wanda wannan ma wani babban abu ne. Akwai Family Link na Google da zaka saka iyakar awanni da lokacin barci a wayar yaro daga taka. Ƙasar Sin a 2021 doka ta kafa, ƴan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai zasu buga gem ɗin intanet, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Koriya ta Kudu kuwa ta hana ƴan ƙasa da 16 buga gem ɗin intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe tun 2011, sai ta soke dokar a 2021, ta bar wa iyaye su tsara. A ganina nan ɗin ne ma ya dace, yaro yafi jin dokar da yaga babansa ma yana ajiye tasa wayar a falo.

Wani abu kuma, awannin da ka ƙwato sai ka san me zaka zuba a ciki, in ba haka ba kwana uku zaka koma, ko ka koma TikTok wanda duk kanwar ja ce. Ni gem ba shine asalin damuwata ba, zaman banza ne da jin cewa sa'o'ina sun wuce ni, a cikin gem kuwa ina da matsayi ana yabona. Sai da na fara zuwa shagon wani mai gyaran waya da safe ina koyo, da yamma in fita ƙwallo a filin unguwa, sannan dabino ukun suka fara isata. Satin farko zaka ji ƙunci da saurin fushi, hannunka zai dinga laluben waya, barci zai ƙi zuwa da wuri, ka daure yana raguwa. In ka zame ka kwana a kai rana ɗaya kar kace shikenan na kasa, rubuta lambar a takardar nan ka ci gaba washegari.

Amma in ka gwada duk wannan wata biyu uku abin yaƙi, ko ka daina zuwa makaranta ko aiki, ko kana jin baƙin ciki mai nauyi da tunanin cutar da kanka in ba ka buga ba, to kaje ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ba hauka bane kuma ba abin kunya bane. Akwai asibitocin tarayya na wannan fannin a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Sau da yawa akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi wanda gem ɗin yake rufewa, in aka yi maganinsa sauran yana zuwa da sauƙi. Ka tafi da takardar awanninka, ka tafi da wani naka.