Yadda za ka auna nasararka da mudunka

Ɗan'uwa kafin ka ce kasuwa ba ta yi maka ba, zauna ka rubuta me kake nema tukuna. Da yawanmu ma'auninmu gidan wani ne a unguwar Malali ta Kaduna ko motar da muka gani a Facebook, alhali ba mu san bashin da ke kansa ba.

Samu littafi ka rubuta abin da gida ke ci a wata, cefane, haya, kuɗin makarantar yara, na wuta. In riba ta ɗauke wannan ka taka matakin farko. Amma dole ka ware uwar kuɗi daban riba daban, wallahi nan ake faɗuwa, mutum yana Kasuwar Barci tun safe har magariba kuɗi na shigowa ta POS yana murna ashe jarin yake ci.

Sannan ka sa abin da ba kuɗi ba. Kana samun lokacin gaida iyaye? Yara nawa ka koya wa sana'a ka yaye? Ni a wajena ogan Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe a Kaduna, da ya koya wa yara walda suka buɗe nasu shagon ya yi nasara.

In jarinka ya kai nisabi ya shekara, cire zakka, kashi 1 cikin 40, ita ma rubuta ta a littafin.