Yadda Sabon Ɗalibi Zai Zauna da Gindinsa a Indiya

Batun neman gurbi da biza ba zan tsaya a kansa ba, duk wanda ya kai ga sayen tikiti ya wuce nan. Abin da ke kayar da yaranmu bayan saukar jirgi yake faruwa.

Tun kana gida ka yi allurar shawara, ka karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa. Sai allurar ta kwana 10 a jikinka katin yake fara aiki, wanda ya sauka babu shi kuma ana iya killace shi har kwana 6. Ka wanko ƙananan hotuna da yawa, ka yi kwafin fasfo da biza.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne. Duk ɗalibin da bizarsa ta wuce kwana 180, dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi, wanda kowa ke kira FRRO, cikin kwana 14 da shigarsa ƙasar. Daga ranar da aka buga maka hatimi a filin jirgi ake fara ƙirga, ba daga ranar da ka shiga aji ba. A nan na ga da yawa sun faɗi: yaro ya iso, yau kasuwa, gobe ziyarar 'yan gida, kafin ya farga wa'adi ya cika, sai tara da zirga-zirga.

Ta intanet ake yi, a shafin e-FRRO, amma cike shafin ba shi ne wahalar ba. Takardu biyu ne ba a hannunka suke ba. Makaranta ce za ta shigar da bayananka a Form S, ta kuma ba ka shaidar cewa kai ɗalibinta ne. Masauki kuma shi ke cike Form C, takardar da ke sanar da hukuma inda baƙo ya sauka. Don haka washegarin isowarka ka tafi ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ka nace cikin ladabi har su yi. Wani mai gidan haya zai karɓi kuɗinka lakadan, in ka kawo maganar Form C sai ya fara kwana-kwana. Shi ya sa a wurina zangon farko a ɗakin kwanan makaranta ake yi, ko da abincin bai yi maka ba. Arhar gidan da ba takarda ba ta hana ka biyan tara. In takardar rajista ta fito ka buga ta, ka ajiye kwafi a waya, kuma duk ranar da ka sauya gida ka sanar da su. Sabunta biza ka fara shi wata biyu kafin ta ƙare.

Layin waya na Airtel ko Jio da fasfo da biza ake yankarsa. Kada ka karɓi layin da aka yi wa rajista da sunan wani. Ka buɗe asusun banki da wuri, domin har mai shayi ta waya ake biyansa.

Naman saniya haramun ne a dokar jihohi da yawa, na ɓauna za ka samu a unguwannin Musulmi, can kuma masallatan Juma'a suke. Ka taho da yaji, kuka da daddawa. In Delhi za ka, ka tanadi rigar sanyi saboda Disamba da Janairu. Agogonsu ya riga na Najeriya da awa huɗu da rabi, sai ka tsayar da lokacin kiran su Hajiya yadda ba zai ci barcinka ba.