Kafin ki kashe kuɗi a gwajin FSH

Assalamu alaikum ƴan uwa mata. Satin nan wata yayata a nan Tahoua ta ce za ta je a ɗibi jininta a auna FSH, wani sinadari a jini da ke ƙaruwa in al'ada za ta ɗauke, don ta san ko al'ada ta ɗauke mata ke nan. Shekarunta 49, wata bakwai ba ta ga jini ba, cikin dare zufa na jiƙa mata zane ko da sanyin hunturu.

Na ce Yaya, riƙe kuɗinki. In mace ta haura 45, ba gwaji likita ke dubawa ba, lissafi ne: wata 12 cur babu jini. FSH ɗin nan hawa da sauka yake a wannan lokaci, yau ya yi sama, wata mai zuwa ya sauko. Ƙwayar tazarar haihuwa ma tana rikita sakamakon.

Wadda ba ta kai 40 ba kuma al'adarta ta ɗauke kam, ta je. Ana auna FSH sau biyu, sati 4 zuwa 6 tsakani, a duba ko juna biyu ne ko ciwon maƙoƙo tukuna.

Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranakun al'adarki. Kuma ciki na iya shiga kafin watannin su cika, fa! Jini kuwa in ya dawo bayan shekara guda, kar ki zauna, ki tafi asibiti.