Kurakuran da sababbin zuwa Kanada suke ta maimaitawa

Na gaji da zuwa filin jirgin Winnipeg a watan Janairu in tarar da ɗan'uwa cikin shadda da hula, ya ɗora wata 'yar suwaita da ya saya a Kantin Kwari, yana murmushi wai ya shirya wa sanyi. Kowace shekara fuska ce kawai take canzawa. To bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in tura masa.

Da sanyin zan fara, don shi ya fara koya min hankali. Wanda ya saba da hunturun gida, inda ake hura wuta a ƙofar gida a sha shayi a watse, gani yake ya san sanyi. A Manitoba, lardin da birnin Winnipeg yake, ma'auni yakan sauka digiri 30 ƙasa da sifili, idan iska ta taso jiki ya ji shi kamar 40. A irin wannan ranar hukumar yanayi ta ƙasar tana gargaɗin cewa fatar da aka bari a buɗe tana iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10. Ni ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. A hunturuna na farko ina aikin dare a wani sito, na tsaya jiran bas kunnuwana a waje. Da farko suna zafi kamar ana yanka su da reza, can sai na ji sun daina. Har na yi murna wai jikina ya fara sabawa. Ashe daina jin zafin nan shi ne alamar ɓarna ta fara. Ina isa wurin aiki wani abokin aikina ya ce kunnena ya yi fari, ni kuma na shiga bayi na murje shi da ƙarfi, na kwara masa ruwan zafi. Duka biyun kuskure ne: ba a murzawa, kuma ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa wa, sannan a nemi likita. Kunnen ya yi bororo, ya saɓule, har yau shi ne yake fara sanar da ni hunturu ya shigo.

Abin da nake yi yanzu ke nan, wani yana iya saɓa min. Ba na barin kowa ya sayo rigar sanyi daga gida, domin wadda ake sayarwa a can ta sanyin can ce. A nan ake saye, ko a shagon gwanjo ne. Kuma ni takalmi nake fara saye kafin riga, don ƙafar da ta jiƙe babu rigar da za ta cece ta. Kaya hawa uku: na ciki kada ya zama auduga, saboda tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, na tsakiya ulu, na waje mai tare iska. Safar hannu kuma wadda take haɗe yatsu wuri guda ta fi mai rarraba su ɗumi. Wanda yake da zaɓin lokacin tahowa ya zo tsakanin Mayu da Satumba.

Sai gawayi. Don Allah, don Annabi, kada wanda ya kunna gawayi a cikin ɗaki a ƙasar nan! Gidajensu a toshe suke ruf, babu kafar da iska take shiga, gubar da garwashi yake fitarwa kuma ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take sa mutum. Masu turaren wuta, hajiyoyinmu, na san ku: na'urar gano hayaƙi tana yin ƙara sai ku cire mata batir ku manta. Ku mayar da shi.

Wani kuskuren kuwa fili sukutum ya ci min, tun kafin in taka jirgi. Wani dillalin biza ya nuna min takardar ɗaukar aiki mai tambari da sa hannu, ya ce wani kamfani yana jirana, kuɗin LMIA, wato takardar amincewar gwamnati a ɗauko ma'aikaci daga waje, kawai zan biya. Na sayar da filin da na gada na miƙa masa. Wata da watanni yana ce min "Alhaji, an kusa", daga nan wayarsa ta daina shiga. Sai daga baya na gane cewa a dokar Kanada mai ɗaukar aiki ne yake biyan kuɗin wannan takarda, dala 1,000, kuma an haramta masa karɓa daga hannun ma'aikaci. Ke nan duk wanda ya ce ka biya kuɗin takardar aiki ya riga ya gaya maka ko shi wane ne, kai ne ba ka ji ba. Masu ba da shawarar shige da fice don kuɗi dole su kasance lauyoyi ko masu lasisin CICC, hukumar da take kula da masu wannan sana'a, kuma sunayensu suna intanet, duba su bai kai minti biyar ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu barin dillali ya ƙara musu shekarun aiki ko ya haɗa musu takardar banki ta bogi. Idan aka kama, haramcin shiga ƙasar na shekara 5 ne, kuma kai za a rubuta wa, ba dillalin ba. "Ai shi ya cika min" ba ta karɓuwa. Tsarin neman zama na dindindin na Express Entry yana nan tun 2015, na lardin Manitoba tun 1998, da kanka za ka iya nema: na farkon a shafin IRCC, wato ma'aikatar shige da fice ta Kanada, na biyun a shafin lardin. Ni a karo na biyu haka na yi: na zauna na rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS, na tura takardun karatuna wa WES, cibiyar tantance shaidar karatu, ta tantance.

Akwai kuma masu lissafin dala da naira. Mafi ƙarancin albashi a Manitoba ya koma dala 16 a awa a Oktoban 2025, sai mutum ya buga a kalkuleta ya ga miliyoyi, ya yi wa gida alkawarin gini da kujerar Makka. Bai cire haraji ba, bai cire haya ba, bai san farashin da yake gani a kanti ba a haɗa da harajin kashi 5 na tarayya da kashi 7 na lardi ba. Ɗalibi kuma awa 24 kacal aka yarda ya yi aiki a mako a wajen makaranta lokacin karatu. Ni shawarata, kada ka yi wa kowa alkawarin ko sisi sai ka ga hunturu ɗaya ya wuce.

Kilishi da dambun nama ku cinye su a jirgi ko ku bar su a gida. Ɓoye abinci ga jami'an kan iyaka yana iya jawo tarar da ta kai dala 1,300. Duk abin da ka ɗauko, ko kuka ce ko daddawa, ka bayyana, su za su ce a wuce ko a zubar. Lambar SIN, wadda sai da ita ake aiki, ka karɓa a makon farko, ba a biya, kuma kada ka karanta wa kowa ita a waya. Takardar haraji ka miƙa ta kafin 30 ga Afrilu, ko da kuwa abin da ka samu kaɗan ne. Mai mota ya koyi jona ta da lantarki da daddare, in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba.

Duhu ma abin lissafi ne. A Disamba hasken rana awa 8 ne da 'yan mintuna, azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki za su same ka, don haka tun ranar farko ka nemi wurin salla daga shugabanka. Ni ina shan bitamin D daga Oktoba har bazara, kuma komai ƙanƙara ba na fashin Juma'a a babban masallacin titin Waverley, domin wani lokaci a nan kaɗai nake jin Hausa a bakin wani a duk makon.

Wanda zai sauka a wannan hunturun ya turo min lambar takalminsa kafin ya taso, akwai guda biyu a bayan motata.