Yadda ake lallaɓa katafila da tifa a sanyin hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu duk mai aiki da babban inji a Gombe, ko tifar yashi ce ko katafila ko tirelar da ke lodin siminti a Ashaka ko taraktar noman rani a Dadin Kowa, ya san halin asuba, ka murza makulli inji ya yi ta nishi ya ƙi tashi. To sanyinmu dai ba irin na Kanada ko Rasha ba ne inda gas, wato man dizal, ke daskarewa ya toshe filta, wancan sai awon sanyi ya kusa sifili ko ya yi ƙasa da shi, mu kuwa ko a tsakiyar Janairu ba ma kaiwa nan. Don haka masu zuba kananzir a tanki wai don gas ya saki, don Allah ku daina, rage wa gas santsi kawai yake yi ya cinye muku injekta. Abin da ke kashe mana inji a hunturu garaje ne da ƙura.

Injin gas ba shi da fulogi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. In ƙarfe ya kwana a sanyi shi ke shanye zafin nan, kenan dole inji ya juya da sauri kafin ya kama, sanyin kuma ya riga ya rage wa batir ƙarfi ya sa baƙin mai ya yi kauri. Shi ya sa tun kafin hunturu ya shigo ka kai wa mai wayarin ya auna maka batir. Lafiyayye mai cikakken caji volt 12.6 yake nunawa, in ka ga 12.2 to rabi ne. Manyan motoci galibi batir biyu ake haɗawa su ba da volt 24, in ɗaya ya mutu ka daure ka canza su tare, tsohon janyo sabon yake yi ƙasa. A kankare farin garin da ke kan batir a ɗaure tamau. Baƙin mai kuma 15W-40 ya wadatar, ya fi mai lamba 40 zalla saurin zagayawa da safe.

Wajen tayarwa nan ake ɓarnar. In injinka na da hita, wato abin da ke ɗumama cikin inji kafin a tayar, murza makulli rabi ka jira fitilarta ta mutu tukuna. Kar ka danne kik ya wuce daƙiƙa 30, in bai tashi ba ka ba shi minti 2 ya huce, in ba haka ba kik ɗin zai ƙone batir kuma ya sauka, ka tashi da matsala biyu. Sai ɗabi'ar nan ta yaran mota ta jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shan iska, ko feshin nan na gwangwani na tayar da inji. Eh zai tashi, amma da wata irin ƙara kamar ana dukan fistin da guduma, kuma in hita na kunne wuta na iya tashi a fuskar yaron. Masu hura wuta a ƙarƙashin inji kuwa ban ma san me zan ce musu ba, ga tiyon mai ga waya ga maiƙo ko'ina.

Da ya tashi, ido a kan gejin baƙin mai, in allura ba ta ɗaga ba cikin 'yan daƙiƙu kashe shi. Cire ƙafa daga totur Malam! Wannan ba shi wuta da ake yi wai don ya yi ɗumi shi ne ke cin tobo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, don mai bai kai gare shi ba tukun. Bar shi a silo kamar minti 5. Farin hayaƙi na farko ba komai ba ne, in ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi sai a nemi bakanike. Kuma ba a ce ka bar shi a silo awa guda ka tafi wajen mai shayi ba, gas kake ƙonawa a banza ciki kuma yana tara dauɗa. Mai katafila ya ɗaga hannu da bokiti a hankali ya sauke, sau da yawa, ba kaya, har man haidirolik ya saki, sannan a fara da aiki mara nauyi.

Af, tamostat ɗin da makanikanmu ke cirewa da bazara, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a mayar da shi. Inji yana son zafin digiri 80 zuwa 90, babu shi haka zai yini a sanyaye yana shan mai. Kar kuma a toshe gaban lagireto da kwali, kafin azahar rana ta buɗe sai ya tafasa.

Ita ƙura ta fi sanyin illa, musamman a wajen fasa dutse da wajen aikin titi. Filtar iska a riƙa duba ta kullum. Buga ta a jikin taya da ake yi yana fasa takardar, ƙaramin rami ɗaya ya isa ƙura ta shiga ta goge zobban fistin, sai ka ji ana maganar sauke inji. A hure ta da iska mara ƙarfi, kar ta wuce psi 30 a gejin iska, daga ciki zuwa waje, a haska tocila a ciki a ga ko ta huje. Ƙaramar filtar da ke can ciki ba a hure ta, canzawa ake. Lagireto ma a hure masa ƙura.

Kafin a tashi aiki da yamma a cika tanki don kar raɓa ta taru a ciki, da safe a kwance ƙasan filtar gas a tsiyaye ruwa, balle in a durom ko hannun 'yan bumburutu ake sayen man. Tankin iskar birki shi ma a zubar da ruwansa. In an dawo daga aiki mai nauyi kar a kashe nan take, a ba tobo minti 3 zuwa 5 a silo. Wurin kwana kuma, tunda iskar daga arewa maso gabas take busowa, a samu jikin katanga a juya wa iskar baya.