Yadda ake gyara Turancin ɗalibi ɗan Biyetnam wanda ya riga ya yi nisa

Malamin Turanci da ya samu ɗalibai 'yan Biyetnam, ko ta intanet ko a cibiyoyin koyon harshe na Hanoi da Ho Chi Minh, zai riƙa cin karo da wani irin ɗalibi. Yana karanta jarida, ya haddace dokokin nahawu tun yana sakandare, yana neman maki 7 a IELTS, jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci, amma in ya buɗe baki sai ka kasa kunne sosai kafin ka kama zancen. Galibin matsalar a ƙarshen kalma take, kuma daga can gyara yake farawa.

Ka fara da gano inda ciwon yake

A darasin farko ka sa ya yi maganar minti biyu kan abin da ya yi jiya, ka naɗi muryar. Sannan ya rubuta labarin a takarda. Ka ƙirga wuraren da ya kamata a samu *-s* da *-ed* a kowanne. In a rubuce suna nan amma a baki sun ɓace, to ya san nahawun, bakinsa ne bai saba ba, kuma sake karanta masa dokar shuɗaɗɗen lokaci ɓata lokacinku ne ku biyu. In har a rubuce ma babu su, aikin ya zama biyu.

Ka kuma tambaye shi daga wane yanki yake. Karin arewa da na kudu sun bambanta, kuma bambancin yana biyo shi cikin Turanci.

Baƙin ƙarshe

A harshen Biyetnam baƙaƙe biyu ba sa haɗuwa a gaɓa ba wasali a tsakani, kuma baƙaƙen da ke rufe gaɓa kaɗan ne: p, t, k, m, n, ng da danginsu. Su p, t, k ɗin ma ba a sakinsu, ana rufe baki ne a kansu a yi shiru. Babu gaɓar da ke ƙarewa da s, z, f, v, l ko d. Bayan sauti irin “ai” kuwa babu baƙin da ke biyowa sam. Shi ya sa *like*, *life*, *line*, *light* da *lie* duk suke fitowa “lai”. Mu Hausawa in baƙaƙe suka cunkushe mana sai mu cusa wasali, mu ce burodi, mu ce sukurudireba. Ɗan Biyetnam zubar da baƙin yake yi.

Dabarar da ta fi saurin aiki ita ce a ɗauke baƙin daga ƙarshen kalma a kai shi farkon ta gaba, tunda a farkon gaɓa bakinsa ya san shi. Ka rubuta masa *like it* ya karanta “lai-kit”, *life is* ya karanta “lai-fiz”, *worked on* ya karanta “wak-ton”. Jimloli goma irin waɗannan a kowane darasi, minti goma, na tsawon mako biyu. Sai bayan nan ka cire kalma ta biyu a hankali: ya faɗi “lai-kit” da ƙarfi, sannan da “it” cikin raɗa, sannan ba “it” ɗin gaba ɗaya.

Daga nan sai bambancin *rice* da *rise*, ko *beat* da *bead*. Kada ka matsa masa ya fitar da z ko d da ƙarfi, domin Turawan ma ba haka suke yi ba. Abin da kunne ke kamawa shi ne tsawon wasalin: kafin baƙi mai ziza, wato mai sa maƙogwaro rawa irin z da d, wasali yana ɗan miƙewa, kafin maras ziza irin s da t yana gajarcewa. Kai ka san wannan daga gari na mutane da gari na tuwo. Shi ma ya san shi daga *a* da *ă* na harshensa, inda na farko dogo ne na biyu gajere. Ka ɗora darasin a kan abin da ya sani.

Tarin baƙaƙe kuwa daga baya ake gina su. Kalmar *asked* sai ya fara da t, sannan kt, sannan skt, sannan duka. Kuma ka gaya masa gaskiya: masu harshen da kansu sukan zubar da baƙin tsakiya, su ce “ast”. Wanda ba a taɓawa shi ne na ƙarshe, domin shi ke ɗauke da jam'i ko lokaci. Ɗafa-ƙeyar *-ed* sauti uku gare ta, t a *walked*, d a *played*, id a *wanted*, kuma ta ukun ce kaɗai ke ƙara gaɓa.

Akwai abin da kan faru wajen mako na uku, kada ya tayar maka da hankali. Da ɗalibi ya gane s yana da muhimmanci sai ya fara yayyafa shi ko'ina, ka ji *I likes* ko *very goods*. Alama ce cewa bakin ya buɗe amma bai haɗu da nahawun ba tukuna. Maganinsa karatu a bayyane daga takardar da ya ja layi ƙarƙashin kowane s na gaskiya, yana buga tebur da yatsa a kowanne.

Haruffan da ke yaudararsa

Ana rubuta harshen Biyetnam da haruffan boko. Masu wa'azin Kirista daga Turai ne suka tsara rubutun a ƙarni na 17, kuma an buga ƙamus ɗin Alexandre de Rhodes a Roma a 1651. Wannan ya sauƙaƙa wa ɗalibi karatu, ya kuma ɗana masa tarko, domin harafin ɗaya ne amma sautin daban. Harafin *d* nasu z ne a arewa, y ne a kudu. Harafin *x* s ne. *Th* kuwa t ne mai huci, don haka *think* take zama “tink”. Mutanen Hanoi ba sa raba s da sh, sai *she* ta koma *see*. Ka sa ya turo leɓɓa gaba yana kallon madubi. A wasu lardunan arewa ana musanya l da n a farkon kalma, *light* da *night* su rikice.

Wani abu da kunnen Bahaushe zai kama nan take: *b* da *đ* nasu daidai suke da ɓ da ɗ namu. Za ka ji *day* da *boy* suna fitowa da ɗan haɗiya, kamar bambancin da da ɗa. Ka bar wannan zuwa ƙarshe, ba ya hana a gane magana. Wanda ke hanawa shi ne p da b, domin asalin kalmominsu ba sa farawa da p. Ya riƙe 'yar takarda gaban leɓɓansa: a *pack* ta motsa, a *back* kada ta motsa. Kafin ka shiga wannan darasi ka naɗi taka muryar ka saurara, tunda p da f ne namu ciwon, kuma ɗalibi abin da ya ji yake kwaikwayo.

Nauyin gaɓa

Harshensu mai karin sauti ne kamar Hausa, shida a arewa, biyar a kudu, kuma kowace gaɓa tana da cikakken nauyinta. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake ɗagawa ya danne sauran. Ka ba shi robar ɗaure kuɗi ya saƙala a yatsu biyu, ya ja ta a gaɓa mai nauyi: PHOtograph, phoTOgraphy, photoGRAphic. Dokoki biyu sun ishe shi farawa. Kalmomin da ke ƙarewa da *-tion*, *-ic* da *-ity* nauyinsu na kan gaɓar da ke zuwa daf kafin ɗafa-ƙeyar. Kalmomi irin *record* da *present* kuwa, in suna ne nauyin na farko, in aikatau ne na ƙarshe. Abin da ya fi ɗaga gaɓa wuya shi ne danne sauran, wato ya yarda *to*, *of* da *can* su kusa ɓacewa a tsakiyar jimla. Yana ganin hakan kamar kasala ce, sai ka kunna masa muryar mai karanta labarai ya ji da kunnensa.

Nahawu: kuskure biyar, ba littafi guda ba

Aikatau a harshen Biyetnam ba ya sauya siffa. Ana sa *đã* don abin da ya wuce, *đang* don wanda ake ciki, *sẽ* don mai zuwa, kuma in an riga an ce “jiya” ana iya barinsu. To *yesterday I go* a wurinsa cikakkiyar magana ce. Sauran kurakuran ma kowanne da tushensa. *She very beautiful* ya fito ne daga rashin sa kalmar “ne” gaban sifa. *Although ... but* da *because ... so* tsarin jimlarsu ne aka kwaso. *In Hanoi have many motorbikes* kuwa saboda *có* tana nufin “akwai” tana kuma nufin “yana da”. In ka tambaye shi *you didn't go?* zai ce *yes*, yana nufin bai je ba, kamar yadda mu ma muke cewa “eh, ban je ba”. Babu *a* babu *the* a harshensa, kuma su ne suka fi daɗewa ba su zauna ba.

Daga muryar da ka naɗa ka zaɓi biyar da suka fi yawa, ya rubuta su a bangon littafinsa. In ya yi ɗaya a cikin magana kada ka faɗa masa daidai, ka ɗaga yatsa mai lambar kuskuren, ya gyara da kansa. Sauran ka ƙyale su har biyar ɗin nan su ragu.

Kalmomi

Ɗalibin da ya yi nisa ba ƙarancin kalmomi ke damunsa ba, sanin wacce ke tafiya da wacce ne. Zai ce *drink medicine* domin a harshensa shan magani ake yi, kamar a Hausa, ɗan kudu kuma zai ce *open the light*. Don haka kowace sabuwar kalma ta shiga littafinsa da abokan tafiyarta biyu ko uku, da alamar gaɓa mai nauyi, da danginta: *analyse*, *analysis*, *analytical*. Jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000 yana da iyalan kalmomi 570. Goma a mako sun isa. Zaɓen kalmar ofis da ta hira ba baƙon abu ba ne gare shi, tunda harshensa yana da kalmomin aro daga Sinanci da ake amfani da su a rubutun hukuma, kamar matsayin na Larabci a Hausa.

Jarrabawar baka ta IELTS minti 11 zuwa 14 ce, kuma furuci ɗaya ne daga ma'auni huɗu da ake ba da maki a kansu. Sai dai *-s* da *-ed* da suka maƙale a baki suna cin maki sau biyu, a furuci da kuma a nahawu, tunda mai jarrabawa abin da ya ji yake aunawa. Duk ƙarshen mako ka sake naɗar minti biyu kan sabon batu, ɗalibin ya rubuta abin da ya ji kansa ya faɗa harafi da harafi, ku ƙirga ƙarshen kalmomi nawa suka fito daga cikin nawa, ku rubuta adadin kusa da na makon jiya.