Yadda Za Ka Tantance Binciken Da Ke Wanke Sinadarin Zaƙi

Idan aka turo maka labarin cewa "bincike ya tabbatar" sinadarin zaƙi (wanda ake sawa a abinci da abin sha a madadin sukari) ba ya cutarwa, fara duba ƙarshen takardar binciken, inda ake bayyana wanda ya biya kuɗin aikin. Wani nazari na 2016 ya gano cewa bitar da kamfanoni suka ɗauki nauyinta ta fi yawan wanke kayansu. Ba lallai ƙarya suke yi ba. Sau da yawa sukan kwatanta sinadarin da sukari maimakon ruwa, kuma su taƙaita gwajin zuwa 'yan makonni.

Sannan auna shi da hukuncin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO). A Mayun 2023 ta ce kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba. Shawarar ba ta shafi masu ciwon sukari ba. A Yuli, IARC, hukumar binciken sankara ta WHO, ta sanya aspartame, ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, a rukunin 2B, wato mai yiwuwa yana jawo sankara amma hujjar ba ta da ƙarfi, aka bar iyakar miligiram 40 ga kowane kilo na jiki kullum. Mai kilo 70: miligiram 2,800.

A kanti, nemi lambar NAFDAC da waɗannan lambobin sinadaran zaƙi a jikin kaya: E950, E951 (aspartame), E954 (sakarin), E955. Zafin Sakkwato na lalata aspartame, shi ya sa lemon da ke ɗauke da shi ke salancewa in ya sha rana.

Abin da ya fi damunmu shi ne zoɓo da kunun zaƙi na leda, inda wasu ke zuba sakarin ba awo. Tambayi mai sayarwa, musamman in yara za su sha.